Yaro ya rubuta 8.5, malami ya ce 6√2: an zalunce shi ko kuwa?

Maman_Sadik: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni zuwa ga malaman lissafi da ke wannan zaure. Ɗana yana SS2 a nan Tudun Wada. An ba su gwaji: alwatika mai kusurwar digiri 90, gajerun gefuna biyun kowanne santimita 6, a nemo dogon gefen. Yaro ya yi aikinsa har ya kai √72, ya danna kalkuleta, ya rubuta 8.5. Malaminsu ya ba shi makin aiki, ya hana shi makin amsa, ya sa jan biro ya rubuta 6√2. Na karɓi kalkuletar na danna 6√2 da hannuna, ta ba ni 8.485, wanda in aka cike shi 8.5 ɗin ne dai. To ina laifin yaron? Ya dawo gida jiki a sanyaye, yana cewa shi lissafi ba nasa ba ne. Kafin in je makarantar ina so in ji ta bakin waɗanda suka sani.

Dan_Gyallesu: Wa alaikumus salam Hajiya. Ni dai a ganina an danne masa haƙƙi. Amsa ɗaya ce. Wasu malaman sun fiye son a yi komai yadda suke so kawai.

Malam_na_Samaru: Wa alaikumus salam. Hajiya, kafin a yanke hukunci, don Allah ki duba takardar ki karanta mana ƙarshen tambayar. Me ta ce game da yadda za a bar amsa?

Maman_Sadik: Malam, na duba. Ta ce a bar amsar a sigar sod mafi sauƙi.

Malam_na_Samaru: To Hajiya, malamin bai zalunce shi ba, kuma ki gode masa da ya ba da makin aiki. Sod su ne lambobin da ke ƙarƙashin alamar √ waɗanda ba sa fita cif, irin √2, √3, √5. Idan tambaya ta ce a bar amsa a wannan siga, to abin da ake gwadawa ke nan. Ba tsawon gefen kaɗai ake nema ba, ana so a ga ko yaro ya iya sauƙaƙa √72 da kansa.

Yadda ake yi: a nemi babbar lamba cikin 4, 9, 16, 25, 36, 49, 64, 81, 100 da sauransu wadda za ta raba 72 ba saura. A nan 36 ce, don 36 sau 2 shi ne 72. Rut ɗin 36 kuwa, wato √36, lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da 36, 6 ne, sai 6 ta fito waje, 2 ta zauna a ciki. Shi ne 6√2.

Game da cewa duk ɗaya ne, ki gwada wannan: 8.5 sau 8.5 zai ba ki 72.25. Ki gwada 8.485 sau 8.485, zai ba ki 71.995 da 'yan kai. Amma 6√2 sau 6√2 shi ne 36 sau 2, wato 72 daidai wa daida. 8.5 ta yi kusa da amsa, 6√2 ita ce amsar. A WAEC da NECO ma haka ake rabon maki, na hanya daban, na amsar ƙarshe daban. Gara ya rasa maki ɗaya yanzu a gwajin aji da ya rasa shi a jarabawar fita.

Ummi_Kongo: Malam, ni kuma 2√18 na samu. 72 ai 4 sau 18 ne. Shi ma daidai ne?

Malam_na_Samaru: @Ummi_Kongo kin kama hanya, amma kin tsaya a tsakiya. 18 ɗin nan da ke ciki akwai 9 a cikinta, 9 sau 2. Fito da ita, ta zama 3, ki ninka da 2 ɗin da ke waje, ki samu 6√2. Duk sanda kika gama, ki sake kallon lambar da ta rage a ciki ki tambayi kanki ko 4 ko 9 ko 25 za su raba ta. In za su raba, da sauran aiki.

Magini_Danmagaji: Ku gafarce ni malamai, ni ban yi boko mai zurfi ba, amma aikin kusurwa shi nake ci da shi. In za mu fitar da harsashin gini a fili mai ƙafa 50 da ƙafa 100, sai mun ja igiya daga wannan kusurwa zuwa waccan ta tsallake, mu ga ta ba da kusan ƙafa 112, kuma ɗaya ɓangaren ma ya ba da haka. In ba su zo ɗaya ba, ginin ya karkace tun daga ƙasa. Ban taɓa ganin wata alamar √ a jikin tef ɗina ba. Yaron nan da ya ce 8.5, shi ya faɗi abin da za a iya aunawa. In ka ce wa lebura ya yanko maka katako mai tsawon 6√2, kallonka kawai zai yi.

Injiniya_Hanwa: Baba Magini, gaskiyarka a wurin aiki. Amma ka lura da wani abu. Wannan ƙafa 112 da kake ja, asalinta √12500 ce, wato 50√5, wadda ta kama ƙafa 111.8, ƙafa 111 da inci 10 saura kaɗan. Amfanin rubuta ta 50√5 shi ne kana ganin dokar a fili: duk filin da tsawonsa ya ninka faɗinsa sau biyu, igiyar tsallaken ita ce faɗin sau √5. Fili mai 40 da 80, 40√5. Mai 100 da 200, 100√5. In 111.8 kaɗai ka riƙe, fili ɗaya ka sani. Mu a wurin zane mukan riƙe rut ɗin har zuwa layin ƙarshe, sannan mu mayar da shi lamba sau ɗaya tak, mu miƙa muku. In ka cike lamba tun a matakin farko, ka sake cikewa a na biyu, kuskuren taruwa yake yi.

Magini_Danmagaji: Injiniya na ji wannan, kuma ta shige ni. Mu dai 3, 4, 5 muka gada a wurin iyayen gidanmu: ƙafa 3 nan, ƙafa 4 can, in tsallaken ya ba da 5 kusurwa ta tsaya.

Injiniya_Hanwa: Ita ma dokar ɗaya ce Baba, dokar Pythagoras: ka ninka kowane gajeren gefe da kansa, ka tara su, rut ɗin jimlar shi ne dogon gefen. 9 da 16 sun ba da 25, rut ɗin 25 kuwa 5 ne cif, shi ya sa magina suka zaɓe ta, ba ta barin saura.

Abba_SS3: To ai in haka ne tambayar Maman Sadik da sauƙi. √36 + √36 = √72, kuma 6 + 6 = 12. Ba 12 ba ce amsar?

Malama_Wusasa: A'a ɗana, tsaya nan. Wannan shi ne ramin da ya fi cin ɗalibai a wannan darasi. Rut yana rabuwa a kan ninkawa da rabawa, ba ya rabuwa a kan tarawa da ɗebewa. √(36 × 2) daidai yake da √36 × √2. Amma √(36 + 36) ba √36 + √36 ba ne. Ka gwada da lissafin Baba Magini: √(9 + 16) shi ne √25, wato 5. In ka raba su za ka samu 3 + 4 = 7. Kuma ka yi tunani da ido: in dogon gefen 12 ne, ke nan yanke hanya da zagayawa ta kusurwa tsawonsu ɗaya. Kowa ya san yanke ya fi kusa.

Tarawa tana yiwuwa ne kawai in abin da ke cikin rut ɗin iri ɗaya ne. 3√2 + 5√2 = 8√2, kamar buhun masara uku da buhun masara biyar. √2 + √3 kuwa haka za ka bar su. Shi ya sa ake sauƙaƙawa tukuna: √50 + √72 kamar ba za su haɗu ba, amma 5√2 + 6√2 ne, wato 11√2.

Dan_Gyallesu: Duk na ji bayananku, amma har yanzu ina kan bakana. A zamanin da kowa ke da kalkuleta a waya, mene ne amfanin wahalar da yara? Akwai ma Casio da ke fitar da 6√2 ɗin da kanta, ka danna maɓalli ɗaya ta juya maka zuwa 8.485.

Zee_Palladan: @Dan_Gyallesu Yaya, ranar JAMB ba ka shiga da Casio ɗinka. Ƙaramar kalkuleta ce a jikin kwamfutar, kuma zaɓin amsoshin sau da yawa a sigar sod suke zuwa. Abin da na gani da idona lokacin da muke bitar tsofaffin tambayoyi: ƙawata ta samu 1/√3, ta duba A zuwa D ba ta gan shi ba, ta ɗauka ta yi kuskure ta sake lissafi daga farko. Alhali √3/3 na zaune a wurin, kuma abu ɗaya ne. Wanda bai iya juya su ba, lokacinsa ne zai tafi a banza.

Ummi_Kongo: Yauwa, wannan ita ce tambayata ta biyu. Me ya sa ake cewa kada a bar rut a ƙasa? 1/√2 da √2/2, wa ya ce ɗaya ta fi ɗaya?

Tsohon_Malami_KofarDoka: 'Yata, wannan tambaya mu tsofaffi ya kamata mu amsa, don mun yi karatu lokacin da babu kalkuleta a aji, sai littafin tebur mai lambobi huɗu. Ɗauki biro ki raba 1 da 1.414 da hannu, ki ga yadda za ki yi gumi. Sannan ki raba 1.414 gida biyu: 0.707, ko a ka kin yi shi. Dalilin ke nan na farko. Na biyu, in kowa ya bar amsarsa yadda ya ga dama, mai duba takardu ɗari biyu zai sha wuya kafin ya gane waye ya yi daidai. An tsayar da siga ɗaya don kowa ya haɗu a wuri ɗaya.

Hanyar kuwa ba wuya. Ki ninka sama da ƙasa da rut ɗin da ke ƙasa. 1/√2 ya zama √2/2. 6/√3 ya zama 6√3/3, wato 2√3. Ba ki canja darajar lambar ba, don √3/√3 ai 1 ce.

Na koyar da lissafi shekaru masu yawa a cikin birni, kuma abin da ya fi damuna a yanzu shi ne yaran da ke haddace sin 60 = 0.8660 ba su san daga ina ta fito ba. In ka ce musu √3/2 sai su ga kamar wani sabon abu ne.

Dalibin_Physics_ABU: Baba, Allah ya ƙara girma, dalilinka na farko gaskiya ne, amma ina da ɗan ja. Mu a jami'a 1/√2 muke rubutawa kullum, a littattafanmu ma haka take, babu mai cewa kuskure ne. Wani lokaci ma ta fi nuna ma'anar abin. Saboda haka cire rut daga ƙasa al'ada ce ta rubutu, ba dokar lissafi ba. Ya kamata a riƙa gaya wa yara gaskiyar haka: ku yi don jarabawa ta nema, kuma don ku iya juya lamba yadda kuke so, amma kada ku ɗauka 1/√2 ƙarya ce. Abin da ke sa yara tsanar lissafi shi ne a ba su doka ba dalili.

Tsohon_Malami_KofarDoka: Ban ƙi taka ba ɗana. Sai dai wanda ya iya juyawa shi ke da zaɓin ya bari ko ya juya. Wanda bai iya ba, ba zaɓi ya yi ba.

Malam_na_Samaru: Tunda Baba ya taɓo sin 60, bari in ajiye wannan don ɗalibai. A alwatika mai kusurwar digiri 90, sin shi ne gefen da ke fuskantar kusurwa a raba da dogon gefe, cos gefen da ke jikin kusurwa a raba da dogon gefe, tan kuma gefen da ke fuskantar ta a raba da na jikinta. Alwatika biyu kawai za ku zana, ba sai kun haddace tebur ba.

Ta farko: murabba'i mai gefe 1, ku raba shi daga kusurwa zuwa kusurwa. Gefunan 1, 1, √2, kusurwoyin 45, 45, 90. Daga nan sin 45 = cos 45 = 1/√2 = √2/2, tan 45 = 1. Tambayar Sadik ma wannan alwatikar ce aka ninka sau 6, shi ya sa amsar ta zo 6√2. Wanda ya gane haka ko biro ba sai ya ɗauka ba.

Ta biyu: alwatika mai gefuna uku daidai, kowanne 2, ku tsaga ta biyu daga sama. Gefunan 1, √3, 2, kusurwoyin 30, 60, 90. Daga nan sin 30 = 1/2, cos 30 = √3/2, tan 30 = 1/√3 = √3/3, sin 60 = √3/2, cos 60 = 1/2, tan 60 = √3.

Misali: ka tsaya mita 20 daga gindin hasumiya, ka ɗaga kai ka hangi ƙololuwarta a kusurwar digiri 60. In ba a lissafa da tsayinka ba, tsayin hasumiyar 20 × tan 60, wato mita 20√3. In an ce a ba da lamba, 34.64.

Zee_Palladan: Mu kuma an koya mana ta jere: sin na 0, 30, 45, 60, 90 shi ne √0/2, √1/2, √2/2, √3/2, √4/2. Cos kuma a karanta daga baya zuwa gaba.

Malam_na_Samaru: Daidai ne, tana taimako a ɗakin jarabawa. Amma ki riƙe alwatikun nan biyu, don ranar da jeren ya ɓace miki su za su dawo da shi.

Mai_Wayarin_SabonGari: Ni aikin wutar lantarki nake yi. Kullum muna cewa ƙarfin wutar layi ɗaya volt 240, tsakanin layi biyu na tiri-fes, wato wuta mai layi uku, 415. Maigidana ya ce in riƙe 1.732 in riƙa ninkawa, na riƙe. Yau da na ga Malam ya rubuta 20√3 = 34.64 na raba na ga 1.732 ta fito. Ashe √3 ce nake aiki da ita shekara da shekaru?

Injiniya_Hanwa: Ita ce kuwa. Layukan uku suna da tazarar digiri 120 a tsakaninsu, in ka zana su ka haɗa bakin biyu, alwatikar 30, 60, 90 ɗin nan ta Malam ce za ta fito sau biyu. 240 × √3 ya ba da 415 da ɗoriya, 230 × √3 ya ba da kusan 400. Shi ya sa kake ganin 230/400 a jikin wasu injuna, 240/415 a jikin wasu.

Hoto_da_Kwafi_Samaru: Mu ma masu shagon kwafi muna da tamu. Takardar A4 milimita 210 ce da 297. Raba 297 da 210 ka ga 1.414. In za ka ƙara girman A4 zuwa A3, kashi 141 cikin ɗari kake sa wa injin, in za ka rage kuma 71. An zaɓi √2 ne don ko ka ninke takardar biyu siffarta ba ta canjawa.

Abba_SS3: Malama na gane batun tarawa yanzu, na gode. Amma wai da gaske ne √2 ba ta ƙarewa? Ko dai kalkuleta ce ba ta da wurin nuna sauran?

Malama_Wusasa: Da gaske ne, kuma hujjar gajeriya ce, ka bi ta a hankali. A ce √2 tana daidai da a/b, lambobi biyu cikakku da aka rage su har babu abin da zai sake raba su tare. To a² = 2b². Ke nan a² tana rabuwa biyu, kuma hakan ba ya yiwuwa sai a kanta tana rabuwa biyu, don mara sau mara kullum mara yake bayarwa. Sai mu ce a = 2c. Mu mayar: 4c² = 2b², wato b² = 2c². Ke nan b ma tana rabuwa biyu. Ga shi 2 ta raba a ta raba b, alhali mun ce babu abin da ke raba su tare. Maganar ta ci karo da kanta, saboda haka babu irin wannan a/b. Lambar da ba ta rubutuwa a haka, bayan ɗigonta ba ya ƙarewa kuma ba ya maimaita kansa. Ko kalkuleta mai faɗin allo ce, inda ta tsaya yankewa ta yi. Alamar √2 ita kaɗai ke ɗauke da lambar gaba ɗayanta.

Dalibin_Physics_ABU: Kuma mutane sun daɗe suna bin ta. Akwai wani ɗan allon yumɓu na mutanen Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau, da ke ajiye a Jami'ar Yale a Amurka, lambarsa YBC 7289. An yi shi tsakanin shekara 1800 zuwa 1600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). An zana murabba'i da layukan tsallake, aka rubuta √2 da irin ƙirgensu na sittin-sittin, wanda in aka juya ya kama 1.41421296. Ta gaskiya 1.41421356 ce da ci gaba. Ba wuta, ba kalkuleta.

Maman_Sadik: Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na zaunar da Sadik mun karanta tare, ya yi √48 da √75 da kansa ya samu 4√3 da 5√3. Zuwa makaranta da ƙorafi kam na fasa. Amma abu ɗaya bai kwanta mini ba. Malamin ya rubuta 6√2 da jan biro ya wuce, bai ce masa ga dalili ba. Abin da kuka yi mana a nan cikin yini guda, me ya hana a yi shi a aji?

Malama_Wusasa: Hajiya, ba don in kare kowa ba, amma malamin da ke da aji cike maƙil da takardu jibge a gabansa ba zai iya rubuta wa kowane yaro bayani ba. Ki ce wa Sadik ya ɗauki takardar ya same shi bayan darasi. Yawancinmu daɗi muke ji in yaro ya zo da tambaya.

Dan_Gyallesu: Ni fa har yanzu ina ganin ko rabin makin amsar ya kamata a ba shi. Ya san Pythagoras, ya kai √72, lambar da ya bayar ba ƙarya ba ce.

Malam_na_Samaru: Sanin Pythagoras ɗin ai shi aka biya shi da makin aiki. Kuma ka sani abin yana juyawa: in tambaya ta ce a ba da amsa zuwa lamba biyu bayan ɗigo, yaro ya tsaya a 6√2, shi ma ya rasa makin, don 8.49 ake nema. Layin ƙarshe na tambaya shi ke faɗin sigar amsa, a koya wa yara su ja masa layi kafin su fara aiki.

Ummi_Kongo: Malam, na ci karo da wata a tsofaffin tambayoyi: 2/(√3 − 1). Na ninka sama da ƙasa da √3 kamar yadda Baba ya ce, amma rut ɗin ya ƙi fita, ƙasan ta zama 3 − √3.

Tsohon_Malami_KofarDoka: In ƙasan abu biyu ne, da abokin juyinta ake ninkawa, wato ki canja alamar tsakiya. Ninka sama da ƙasa da (√3 + 1). Ƙasa za ta zama 3 − 1 = 2, sama 2(√3 + 1), amsa √3 + 1. Gwada wannan ki kawo mana: tan 75 daidai yake da (√3 + 1)/(√3 − 1).

Ummi_Kongo: Sama ta ba ni 3 + 2√3 + 1, wato 4 + 2√3, ƙasa 2. Na samu 2 + √3. Na danna tan 75 a kalkuleta ta ba ni 3.732. Baba a duba mini.

Abba_SS3: Ni ma 2 + √3 na samu. Baba, tan 15 fa, juya alamar kawai za a yi ta zama 2 − √3, ko sai an sake aikin daga farko?